Cajin batirin mota: aikin Jamus da aikin Panteka

'Yan uwa na Kaduna, musamman masu rewaya da masu Beljiyam, ga yadda ake bi da matsalar caji a nan Jamus, da inda suka fi mu da inda muka fi su.

Bakanike a nan ba ya taɓa sifana sai ya ɗora mita, na'urar auna wutar batir. Mota a kashe, ta huta wasu awanni, cikakken batir yana nuna volt 12.6. In ya nuna 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya yi sanyi. Lokacin buga kik kada ya sauka ƙasa da 9.6. In inji ya tashi ana so a ga 13.8 zuwa 14.5, kuma ya tsaya sama da 13.5 bayan an kunna fitilu da iyakwandishan. Ya wuce 15, katawut, mai daidaita ƙarfin caji, ya lalace, yana dafa batirin, shi ne za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Gwajin nan da muka saba na cire kan batir inji na aiki, a ga ko mota za ta mutu, don Allah a bar shi. Ya yi amfani a zamanin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kakuri. Motar yanzu batirin ne ke shanye hawa da saukar wuta, kana cire shi wutar altaneta, na'urar da ke cajin batir, za ta yi tsalle, tana iya ƙona dayod, mai hana wuta komawa baya, ko ƙwaƙwalwar motar. Kuɗin mita bai kai kuɗin gyaran wannan ɓarnar ba.

Sau da yawa altaneta lafiyarsa lau, hanya ce ta toshe. A nan ana zuba gishiri a titi lokacin sanyi, kuma motocin da ake lodawa a Antwerp zuwa Kwatano suna zuwa da tsatsarsa a wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji. Inji na aiki, fitilu a kunne, ka sa tsinken mita ɗaya a jikin altaneta, ɗaya a kan batir na negetif. Fiye da volt 0.2, a kwance wayar a goge ta da sanfefa. Ta ɓangaren fozitif, daga babban notin bayan altaneta zuwa batir, kada ya wuce 0.5. A duba fambel ma, da fulin altaneta, domin na motoci da yawa yana da kulochi a ciki, in ya mutu fambel na juyawa amma cajin ba ya cika. A tsofaffin motoci kuma, kwan fitilar batir na dashbod shi ke ba altaneta wutar farko. In ka murɗa makulli bai kama ba, fara da shi.

Batirin da ke kwana da wuta ya wayi gari babu, a kwance wayar negetif, a jera mita tsakanin kan batir ɗin da wayar don auna wutar da ake ja, a rufe ƙofofi, a jira minti 30. Abin da ya wuce miliyamf 50 akwai mai shan wuta a ɓoye. A riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har ya sauka. In duk an zare bai sauka ba, a cire wayar altaneta, galibi dayod ne ya fashe yana mayar da wuta baya.

A gyara kuwa mun fi su. Kuɗin aikin hannu a nan tsada gare shi, don haka ba mai buɗe altaneta. Sai a cire shi ɗungurungum, a sa wanda kamfani irin Bosch ya sabunta, a karɓi tsohon. A Panteka yaron shago zai buɗe shi, ya ga burushi ya cinye, ya sauya shi da boris, mota ta koma hanya kafin la'asar. Abin da suka fi mu shi ne tabbas: sabon kaya doka ta ba shi shekara 2 a mayar in da aibi, kuma batir ana zaɓarsa da lambar mota. Wanda ya sayi sabon batir bai kawo tsohon ba yana ajiye Yuro 7.50 har sai ya kawo.

Wajen sayen batir, su ƙarfin tayar da inji cikin sanyi suke dubawa. Mu zafin Maris da Afrilu ne ke cinye mana shi, sai a riƙa duba ruwa a wanda ake buɗewa, a ƙara tataccen ruwa, ba asid ba. Motar da ke kashe kanta a danja tana son batir na musamman da ake kira AGM ko EFB, kuma BMW da wasu Volkswagen sai an shigar da sabon batir a kwamfuta. Irin waɗannan cajinsu yana sauka kusan 12.8 ya sake hawa da gangan, kada a kwance musu altaneta a kan haka.