Kafin ka sayi manhajar rahoton ciniki, duba yadda take nuna abin da ya ɓace

Wani Alhaji mai sayar da taki da irin shuka kusa da babbar kasuwar Maradi ya kira ni bayan la'asar, ransa a ɓace. Rahoton wata ya nuna reshensa na Tasawa bai sayar da ko buhu ɗaya ba, alhali da idonsa ya ga an loda mota biyu. Har ya fara zargin yaron shago. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri tukuna, bari mu duba." Ashe a jerin rassa an rubuta Tessaoua, yaro kuwa Tasawa yake rubutawa. Kwamfuta ba ta san gari ɗaya ba ne, sai ta ba da sifili ta yi shiru. Saura ƙiris a ci mutuncin ɗan mutane a banza.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni wace manhaja za a ɗauka, ba kyawun zane nake fara dubawa ba. Tambayata ɗaya ce: in lissafi ya ɓace, tana faɗa ko tana rufewa?

Excel kowa ya san ta, kuma ba ta neman rezo. Shafi ɗaya yana ɗaukar layi 1,048,576, ya ishi yawancin ƴan kasuwarmu. Matsalarta hannun mutum ne. SOMME.SI, dabarar Excel mai tara jimilla bisa sunan da ka ba ta, tana ba da sifili in suna bai dace ba, abin da ya faru da Alhaji ke nan. RECHERCHEV, mai nemo suna a cikin jeri, ta fi gaskiya, tana fitar da #N/A, alamar ba ta samu ba, amma sai masu lissafi su lulluɓe ta da SIERREUR, mai ɓoye alamar kuskure, don takarda ta yi tsabta. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici, domin rufe ciwo ne da riga.

Power BI ta Microsoft ita na fi ba mai rassa da yawa shawara. In sunan reshe bai dace da jerin ba, kuɗin ba sa salwanta, suna taruwa a layin da ba shi da suna, ka gani ka bi sawu. Tana kuma nuna kashi nawa na kowane ginshiƙi ne lafiya, nawa ne fanko, nawa ne kuskure. Sai dai a kula, layi 1,000 na farko kawai take aunawa in ba ka umarce ta ta duba duka ba. Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Mu da salon Faransa muke rubuta kwanan wata, rana kafin wata, da waƙafi a tsakiyar lamba. In an saita ta a salon Amurka, 25/03 zai zama kuskure ya fito fanko, 05/03 kuma ya koma 3 ga Mayu ba tare da ko gargaɗi ba. Na biyun ya fi haɗari, don cinikin Maris ne ya tashi ya koma wani wata.

Power BI da ake sakawa a kwamfuta kyauta ce, amma sai mai Windows. Raba rahoto da wasu yana buƙatar lasisin Pro, dalar Amurka 14 a wata kan kowane mutum tun Afrilun 2025, da sabuntawa, wato ɗauko sabbin bayanai cikin rahoto, har sau 8 a rana. In bayananka a kwamfutar shago suke, dole ta kasance a kunne da intanet a lokacin sabuntawa. Mu da muka ga yadda wuta ta yi wuya bayan an yanke layin Najeriya a Agustan 2023 mun san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. In sabuntawar ta gaza sau 4 a jere, jadawalin lokutan sabuntawar yana tsayawa da kansa, kai kuwa kana kallon lissafin makon jiya kana zaton na yau ne.

Looker Studio ta Google, wadda aka sani kuma da Data Studio, kyauta ce, kuma ta dace da wanda yaransa ke shigar da ciniki a Google Sheets ta waya daga Dakoro ko Mayahi. Ba rezo, ba rahoto. In wanda ya haɗa ta ya kafa mata iyakar layuka, sabon ciniki da ya wuce iyakar ba zai shigo ba. Tana ba ka zaɓin yadda gurbin da ba kome zai fito. Kada ka yarda a sa sifili, domin "ba a sayar ba" daban, "ba a rubuta ba" daban.

Tableau da Metabase suna da kyau, amma ta farko da tsada, ta biyu kuma, in ta kyauta za ka ɗauka, sai kana da mai kula da saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai.

Kafin ka biya ko dala, ɗauki cinikin wata guda wanda ka san jimillarsa a littafi. Da gangan ka rubuta Gidan Rumji a wani layi, Guidan Roumdji a wani, ka goge kwanan wata biyu, ka bar farashi ɗaya fanko. Miƙa wa mai tallan manhajar, ka zauna kusa da shi, ka ce ya nuna maka inda kowane ya shiga.