Kaskon jin ɗumi na rabin duro: wanda ya cancanci kuɗinka da wanda bai cancanta ba

Da hunturu ya kama, masu walda a Kano, musamman wajajen Ƙofar Ruwa, sukan yanka duron ƙarfe mai cin lita 200 su mayar da shi kaskon jin ɗumi na tsakar gida. Abu ne mai amfani, ya fi hura wuta a ƙasa nesa ba kusa ba. Sai dai ba duka ne aka yi su da kyau ba.

Mai kyau yana da ƙafafu na ƙarfen kwana, tsayinsu kamar taku ɗaya, don kada zafi ya fasa siminti. A ciki akwai ragar rodi da ke ɗaga gawayi sama da gindin duron, sannan an huda ramuka a gefe ta ƙasa. Idan babu ramukan nan wutar ba ta samun iska, sai ta riƙa turnuƙe gida da hayaƙi. Murfin raga kuwa kada a yi ciniki a kansa, shi ke tare tartsatsi idan iskar hunturu ta taso, lokacin da zana da rumfa da shanyar kaya duk sun bushe ƙarau.

Aibinsa babba shi ne gindi. Ƙarfen duro ba shi da kauri, kuma toka idan ta jiƙe tana cin ƙarfe, don haka mai kashe wuta da ruwa kullum zai ga tsatsa ta huda shi da wuri. A zuba yashi mai kaurin yatsa uku a ciki, a kashe garwashi da yashi, a kwashe toka bayan ta huce. A kuma tambayi mai walda abin da duron ya taɓa ɗauka. Na sinadari a bar masa kayansa. Sabo ma a fara ƙone fentinsa a fili, babu yara kusa.

Wasu masu sayarwa suna tallarsa a matsayin na ƙona shara. Wannan kuskure ne. Dokar 2011 ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ta hana ƙone-ƙone a fili ba tare da izini ba, kuma hayaƙin leda da roba da taya guba ne, mai asma a maƙwabta shi zai fara shan wahala. Shara ta bola ce, a kai ta inda REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ke kwasa.

A ajiye shi aƙalla mita 3 daga janareto, babur da tukunyar gas, da bokitin yashi a gefe. Kada a tayar da wutar da fetur. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa: gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Idan wuta ta ƙwace, a fitar da mutane, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana nan take.