Rakun ya cinye tsirena, kula ta tona mini asiri

Jama'ar Zangon Agege, ina gaisuwa. Tun watan jiya Yaya ta sa ni gaba a WhatsApp cewa in daina ba ta labarin kular nan guntu-guntu, in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, domin duk wanda ta gaya wa ƙaninta ya sayi kula ta dala 200 sai ya ce Amurka ta taɓa mini kai. To ga shi, kowa ya karanta ya yanke hukuncinsa.

A watan Mayu mutanen masallacinmu na nan Hustan suka shirya kwanan daji. Nishaɗinsu ke nan a ƙasar nan: mutum ya rufe gidansa mai wuta da ruwa, ya biya kuɗi a ba shi fili a dawa, ya kafa tanti, sauro ya yi kwana biyu yana cinsa, ya dawo yana cewa ya huta. Ni da na tashi mu shida a ɗaki ɗaya bayan layin dogo ban ga hutun ba, amma yara sun matsa. Wurin da muka je sunansa Huntsville State Park, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna arewa da gari. Akwai tafki, kuma akwai kada a cikinsa, har allon gargaɗi an kafa.

Da aka zo rabon aiki na miƙe na ce nama a bar mini. Na cika baki iya cikawa. Na ce kakana mahauci ne, ubana mahauci ne, a kwatar Oko-Oba na yi wayo, daren Asabar za su ci tsiren da ba su taɓa ci ba. Na je shagon halal a Hillcroft na sayi naman sa kusan kilo bakwai, na yanka shi falle-falle da hannuna, na ware yajin ƙuli da Inna ta aiko mini wanda ko matata sai ta roƙa nake sam mata. Kula kuwa a hanya na tsaya wani babban kanti na sunkuci ta dala 30, shuɗiya mai farin murfi, irin wadda kowa ya sani. Na zuba mata jaka biyu ta 'yan ƙananan ƙanƙara daga gidan mai, na jefa nama da lemon yara a ciki tare. A raina kula ai kula ce.

Bayan Juma'a muka isa. Kular ta sha zafin but ɗin mota, ta zo ta sha ranar Teksas a kan teburin katako, yara kuma kowane minti biyar sai an buɗe an ɗauki lemo. Ban kula ba, ina can ina koya wa wani Bapakistane yadda ake fere tsinke.

Kafin asuba na ji ƙwaram-ƙwaram a bakin tanti. Na haska tocila. Wasu dabbobi ne uku, girman muzuru mai ƙiba, wutsiya zobe-zobe, baƙi ya zagaye idanunsu kamar ɓarawon da ya ɗaura ƙyalle. Rakun ake ce musu. Hannayensu kamar na jariri, da 'yan yatsu biyar. Ɗaya ya ɗaga murfin kulata, don ba ta da abin ƙullewa, ya tsaya a kan baki yana zaro nama daga ledar da ya yaga. Ya dube ni, na dube shi. Wallahi bai yi gaggawa ba, sai da ya ƙara ɗaukar yanki sannan ya sauka.

Abin da rakun ya yi ma mai sauƙi ne. Da gari ya waye na leƙa ciki, babu ƙwayar ƙanƙara ko ɗaya, ruwa ne mai ɗumi-ɗumi ja da jini, ledojin da suka rage suna iyo. Ɗan mahauta ba ya bukatar a gaya masa, hanci ya gama magana. Ko da dabbar ba ta zo ba, naman nan ba mai zuwa daren Asabar ba ne. Na kwashe kilo bakwai na zuba a kwandon shara mai murfin ƙarfe, mutum ashirin suna alwala suna yi kamar ba su gani ba, wanda ya fi dariya ciwo.

Akwai wani dattijo a cikinmu, baƙar fatar Amurka da ya musulunta tun kafin a haife ni, mai son kamun kifi. Ya dafa kafaɗata ya ce ɗan'uwa zo. Ya ɓalle wasu robobi biyu masu kauri a gaban kularsa, ya ɗaga murfi, sai da ta yi ɗan tsotso kamar firji. Ƙanƙara ce a ciki dunƙule guda, ko zufa ba ta yi ba, kaji a jere a sama cikin kwando. Tun daren Alhamis ya shirya ta. Ranar Lahadi da za mu taho ya juye sauran a gindin bishiya, har lokacin da sauran dutse a ciki. Kajinsa muka gasa da yajin Inna. Sun yi daɗi, amma ni ban ji ɗanɗanonsu ba. Har yau yaran masallaci Baban Rakun suke ce mini.

Da zuciya na tafi kantin kayan daji ranar Litinin, na nufi mafi tsada kai tsaye, na ce wannan nake so. A nan abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Yaron kantin, wanda bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, ya ce in dakata. Kwana nawa nake yi a daji? Mu nawa? Wace mota gare ni? Wa zai ɗaga ta in ta cika? Da na ba shi amsa sai ya ce wadda na nuna ta fi ƙarfin bukatata, ya ja ni wajen wata da ba ta kai ta kuɗi ba da fiye da dala ɗari. Na tsaya ina neman inda tarkon yake. Shekara ashirin da bakwai na yi a Legas, ban taɓa ganin mai kaya ya rage wa kansa ciniki ba. Ku tuna Idumota: kana taɓa abu an ce “Alhaji, orijinal ne, guda ɗaya ya rage,” ana kai wa gida hannu ya cire, ka koma washegari a nuna maka rubutun da ke ƙasan rasit, a tambaye ka ko a nan ka saya ma. Kuma kada mu ɗora wa wasu, namu 'yan'uwan da ke rantsuwa da Allah a kan kaya su ma haka suke yi.

Yaron nan ya kifar da kular ya nuna mini jikinta babu ɗinki ko ɗaya. Garin roba ake zubawa cikin mazubi, a rufe, a yi ta juya shi cikin zafi har robar ta narke ta lulluɓe ko'ina, ta fito guda ɗaya. Ta dala 30 kuwa ɓawo biyu ne sirara aka haɗa, sau da yawa murfin ma iska ce kawai a cikinsa. Mai kyau tsakanin bangonta soso ne mai tauri da aka ɗura, kaurin inci biyu ko fiye, har cikin murfi. Ya ce in hau kai. Na hau da takalmina, kilo casa'in, ko motsi ba ta yi ba. Ya nuna robar bakin murfi irin ta ƙofar firji, ya sa takardar dala ya rufe a kanta ya ce in ja. Sai da na yi da gaske ta fito. Hinjin kuma sandar ƙarfe ce ta ratsa jikin kular, ba 'yar robar nan da ake ɗaurewa da sukuru huɗu ba, wadda ita ce ke fara mutuwa a duk kular da na sani. Sai toshiyar zubar da ruwa a gindi, da ƙafafun roba don kada ta yi ta zamewa a bayan mota. Bai ɓoye mini aibinta ba: tana da nauyi, fanko ma ta haura kilo 10, kuma kaurin bangon yana cin wurin ciki, don haka kada in yarda da lambar da ke jiki, in buɗe in auna da idona.

Ina dawowa gida abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wannan aikin juya roba cikin zafi, ai da shi ake yin tankunan ruwan da ke kan kowane gida a Legas, irin su GeePee. Ilimin yana nan a hannunmu. Kamfanin Yeti, wanda ya fara jawo hankalin mutane kan irin wannan kula, wa da ƙani ne suka kafa shi a Ostin ta Teksas a 2006, Roy da Ryan Seiders, masu kamun kifi da suka gaji da kulolin da ke fashewa in sun taka su a cikin kwalekwale. Yau matsakaiciyarsu ta haura dala 300, da garantin shekara biyar. Su don wasa suke bukatarta, gidajensu wuta ba ta ɗaukewa sai in guguwa ta zo. Mu da Nepa ke iya barinmu kwana uku, mu da abincin gidaje da yawa ya rataya a kan zoɓo da kunun aya da ruwan leda mai sanyi, mu ne muka fi cancanta da ita. Kular Eleganza da Inna ta samu a bikinta ta riƙe mana shinkafar suna da ta Sallah shekara da shekaru, ban raina ta ba, amma shinkafar yini ɗaya daban, ƙanƙarar kwana huɗu daban.

Abin nasu har ya wuce hankali. A West Yellowstone ta jihar Montana akwai wurin da ake ajiye beyar, manyan namun dajin nan. Ana sa abinci a kula, a kulle da kwaɗo, a jefa musu. In suka yi minti 60 suna dambe da ita ba su buɗe ba, sai a ba ta shaida. Na tambayi yaron kantin ko akwai ta rakun, ya yi dariya ya ce robobin gaban sun isa, in ina shakka in sa kwaɗo. Sannan a watan Fabrairun 2025 kamfanin Igloo, da masana'antarsa ke Katy nan kusa da mu, ya yi shelar janye kuloli sama da miliyan ɗaya masu taya saboda hannun ja yana datse yatsa, ya ce duk mai ita a aiko masa da sabon hannu kyauta. A wurinmu da sai a ce tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba.

Amma fa kada ku ɗauka komai nasu ya fi. Ƙanƙararsu banza ce. 'Yan ƙwayoyin nan na gidan mai kamar alewa suke narkewa. Dattijon nan da kansa yake daskarar da tasa a manyan robobi, kwana biyu a firiza, abin da mai ƙanƙarar bakin kasuwar Agege ke saran maka da adda daga cikin buhu da garin katako. Da na ba shi labarin sai ya ce mutanenku sun san abin. Kuma a nan in hinji ya karye bayan garanti ya ƙare, shara za ta. Na tuna mai gyaran lungunmu da zai yanko tsohuwar taya ya yi mata hinjin da zai fi na kamfani daɗewa, ka ba shi abin shan shayi, ku yi hira a kan benci. Nan ba benci, ba hira, sai lambar waya da na'ura ke amsawa.

Yanzu ke, Yaya, tunda taki na saya ta biyu. Ko ta miliyan ce in kika yi mata yadda muka saba ba za ta yi miki aiki ba. Kada ki sauke zoɓo da ɗuminsa ki jera a ciki, kula ba ta sanyaya abu, sanyin da aka ba ta take tsarewa. Tun dare ki sa mata ƙanƙara kaɗan ta huce daga ciki, da safe ki juye ki zuba ta gaske, kashi biyu ƙanƙara kashi ɗaya kaya, ki cika ta har baki don iskar da ke sama ita ke cin ƙanƙara. Ruwan da ya narke kada ki yi saurin zubarwa in gorunan a rufe suke, sanyi ne a cikinsa. Nama ne kawai ba a bari ya taɓa ruwan, kuma ba a so ya haura digiri 4. Ki ajiye ta a inuwa, ki ɗaga ta daga kan siminti mai zafi. Sai babbar cutarmu: buɗe-buɗe. Mai saye ya zo sai ya tura hannu har gwiwar hannu yana lalube wai yana neman mafi sanyi, murfi a wangale, ana gaisawa ana tambayar mutanen gida. Ki sa ƙaramar tsohuwar a gaba ta ciniki, babbar ki buɗe ta sau uku ko huɗu a yini.

A jirgi ba za ta zo ba, kilo 23 ake ba mutum a jaka, ita kaɗai ta cinye rabi. Na ba masu kwantena, na cika cikinta da takalman yara da man shafawar da kika ce, sun ce in ta sauka Apapa za su kira ki. Na rubuta sunanki a gindi da fenti, ba da alƙalamin maka mai gogewa ba, saboda na san halinmu da aron kula ranar biki. Jiya kuma kika turo mini murya cewa matar Kawu ta ji labari, har ta ce a ajiye mata ita don auren 'yarta bayan Babbar Sallah. Kwantenar ko barin Hustan ba ta yi ba. Ki ce mata ni na hana, in ta yi fushi ta kira ni.