Tsofaffin Hannayen Gem: Wanne Ya Kamata Mai Saye Ya Zaɓa a Katsina?

A rumfunan kayan lantarki na gwanjo da shagunan masu gyara a Katsina, akan ga tsofaffin hannayen gem, wato abubuwan da ake riƙewa a sarrafa wasan bidiyo da su, jibge cikin kwali, wayoyinsu sun sarƙe, ana yi musu kuɗi kusan ɗaya. Alhali a cikinsu akwai waɗanda masu tara irin wannan kaya a Turai da Amurka da Japan suke nema ido rufe. Tsufa kaɗai ba ya ƙara wa hannu daraja. Abin da ke ɗaga farashinsa shi ne ƙarancinsa, da zamansa na asali, da samun masu buƙatarsa har yau.

Wanda aka fi samu shi ne DualShock 2 na PlayStation 2, wanda ya fito a 2000 kuma ya daɗe yana shan aiki a gidajen gem. An sayar da wannan na'ura sama da miliyan 150 a duniya, don haka hannunta bai yi ƙaranci ba, kuma jabunsa ya cika kasuwa. A saye shi don wasa, amma kada a ɗaure kuɗi a kansa da fatan riba.

Wanda ya cancanci a tona kwali dominsa shi ne Dual Analog, wanda Sony ta fitar a 1997 ta kuma daina yinsa a 1998 bayan DualShock ya maye gurbinsa. Mai sayarwa yakan ɗauke shi a matsayin hannun PlayStation na yau da kullum, amma ana gane shi da alamu bayyanannu: mariƙansa sun fi tsawo, kan sandunansa biyu da ake juyawa da babban yatsa yana da rami maimakon tudu, kuma a bayan na Amurka da Turai an rubuta SCPH-1180. A ganina, wannan ne sayen da ya fi kowanne albarka, domin da wuya a yi masa kuɗin da ya kai darajarsa.

Hannun GameCube, na'urar kamfanin Nintendo, na 2001 kuwa buƙata ce ta riƙe farashinsa, saboda masu gasar wasan Super Smash Bros. har yanzu shi suke so, har Nintendo ta sake buga shi a 2014 da 2018. Ɗan'uwansa marar waya, WaveBird na 2002, ya fi shi tsada, sai dai yana da sharaɗi. Ba ya aiki sai da ɗan ƙaramin makarɓin da ake sokawa a jikin na'ura, kuma shi ne yake fara ɓacewa. Idan babu shi, darajar hannun ta faɗi ƙasa sosai. A kuma buɗe mazaunin batir a duba ko ruwan batir ya ci ƙarfen.

Na Nintendo 64 na 1996 yana da ciwo sananne: robar sandarsa tana cinyewa har ta saki. Idan sandar tana lilo, ko ana ganin farin gari a gindinta, a bar shi. Hannun Sega Mega Drive mai maɓalli shida na 1993 yana da masoya, amma yawancin waɗanda ke yawo a nan kwaikwayo ne.

Kafin a biya, a auna nauyin hannun a tafi, domin jabu yakan yi sakayau, a karanta lambar da ke bayansa, a duba ko an taɓa kwance sukurorinsa, sannan a nemi a jona shi a gwada kowane maɓalli. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci, domin ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai, zafin rana kuma yana mayar da farar roba rawaya, kuma masu tarawa suna rage kuɗi sosai a kan hakan.

Sai a tuna cewa mai sayen da zai biya farashi mai tsoka da wuya ya kasance a Katsina ko Daura. Galibi ta intanet ake samunsa, a Legas ko Abuja ko ƙasar waje, don haka a lissafa kuɗin aikawa tun kafin a fara ciniki da mai rumfa.