Gargaɗi: Ana Sayar da Tsofaffin Faifan Ajiya a Matsayin Sababbi ga Masu Gyaran RAID

Duk mai kula da na'urar NAS, wato akwatin ajiyar bayanai mai ɗauke da faifai da yawa, ya san irin tashin hankalin da ke zuwa idan fitilar ɗaya daga cikin faifan ta koma ja, kuma wannan gaggawar ce wasu dillalai marasa tsoron Allah ke cin kasuwarsu da ita. Suna sayo faifan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana, su goge lissafin SMART, wato bayanan da faifai ke ajiyewa kan lafiyarsa, da ke nuna awannin aikinsu har ya koma sifili, su manna sabuwar takarda, su rufe cikin leda, sannan su sayar a farashin da ya yi ƙasa da na sabo kaɗan don kada a yi zargi.

A farkon 2025 mujallar kwamfuta ta Heise da ke Jamus ta bankaɗo irin wannan zamba a faifan Seagate samfurin Exos: SMART na cewa sababbi ne, amma wani kundi na daban da ke cikin faifan, mai suna FARM, ya nuna sun riga sun yi dubban awanni suna aiki. Kamfanin Seagate ya ce ba shi ne ya sayar wa dillalan waɗannan faifan ba.

Abin da ya sa lamarin ya fi muni a nan shi ne yadda RAID, wato tsarin haɗa faifai su yi aiki kamar guda ɗaya, ke rarraba bayanai a kan faifai da yawa. A RAID 5, faifai ɗaya kawai aka yarda ya mutu, kuma yayin sake gina bayanai a kan wanda aka saka a madadinsa, ana karanta sauran daga farko har ƙarshe, aikin da kan ɗauki awanni masu yawa ko kwanaki. Idan gajiyayyen faifan da aka saya ya gaza, dole a sake wannan wahalar, kuma idan wani ya bi shi kafin a gama, komai ya tafi. RAID 0 kuwa ba shi da kariya ko kaɗan, faifai ɗaya ya mutu, an rasa duka.

Saboda haka, kafin ka taɓa komai, ka kwafe bayananka zuwa wani wuri daban. Idan sabon faifan ya iso, kada ka saka shi kai tsaye. Ka duba lambarsa ta siriyal a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera shi, ka kwatanta da ranar ƙira da ke jikin takardarsa, domin garantin da ya kusa ƙarewa a kan faifan da aka ce sabo ne babbar alama ce. Idan na Seagate ne, manhajar smartctl daga sigar 7.4 tana iya karanta FARM, kuma awannin da ke can su ne abin kwatantawa da na SMART. Ka kuma tabbatar girmansa bai gaza na tsohon ba kuma nau'in CMR ne, mai rubuta bayanai a layuka daban-daban, domin na SMR, mai ɗora layi a kan gefen wani, kan yi jinkiri sosai wajen sake gini.

Dillalin da ya ƙi ba ka lambar faifai kafin ka biya, ko ya ce ba a mayar da kaya, ka ƙyale shi ka nemi wanda kamfanin ya amince da shi.