Giya ta biyar ta ɓace: a gyara NV4500 ko a ɗaura NV5600?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce a-kori-kurarka Dodge Ram 2500 ce ta 1997 mai injin dizal Cummins 5.9, kana cikin tafiya giya ta biyar ta zama kamar firi, inji na ihu mota ba ta ja, amma daga ta ɗaya zuwa ta huɗu lafiya lau. Bakanike ya ce ka yar da giyabos ɗin, wato NV4500 mai giya biyar, ka sa NV5600 mai giya shida. Kana tambaya wanne ya fi.

Kafin komai, giyabos ɗinka bai mutu ba. Abin da ya same ka tsohon ciwon NV4500 ne, duk mai irin wannan mota ya san shi. Giya ta biyar tana can baya a kan babban shaf, noti ɗaya ne ke riƙe da ita. Kuskuren da aka yi tun daga masana'anta shi ne haƙoran shaf ɗin ba su kai ƙarshen mazaunin giyar ba, wani sashe nata a kan fili yake zaune. Injin dizal kuwa ba ya juyawa sumul, bugu yake yi. Duk bugu sai giyar ta ɗan motsa, haƙora su ci, noti ya saki kaɗan-kaɗan, har ranar da giyar za ta zame baya ta daina kama shaf. Abin da ya fi gaggauta wannan shi ne danna totur a giya ta biyar alhali juyin inji ya faɗi ƙasa da 1,500 a minti, musamman da lodi. Injin zai ja, don Cummins ba ya ƙorafi, amma notin ne ke biyan bashin.

Gyaran iri biyu ne. Na gaggawa: a sauke ogzileri (akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba da na baya), a buɗe bayan giyabos, a mayar da giyar a ɗaure sabon noti. Ba sai an sauke giyabos ba. Amma idan haƙoran shaf sun riga sun ci, za ka sake dawowa gareji. Masu yi wa notin walda ma lokaci kawai suke saye, kuma suna ɓata wa wanda zai buɗe nan gaba aiki. Gyara na gaskiya shi ne a sauke giyabos, a canja babban shaf da wanda haƙoransa suka cika mazaunin giyar, a sa sabuwar giya ta biyar da notinta. Tunda an riga an buɗe, a duba boris da zoben daidaita giya, musamman na ta uku.

Yanzu ga kwatancen. Mutane da yawa suna zaton giya ta shida ƙari ce a sama, wato mota za ta fi gudu ko ta rage shan mai a babban titi. Ba haka ba ne. Ta biyar a NV4500 tana kan 0.75, ta shida a NV5600 tana kan 0.73 (wato yawan juyin da inji ke yi kafin shaf ɗin bayan giyabos ya juya sau ɗaya). Bambancin bai taka kara ya karya ba. Ta ɗaya ma kusan ɗaya suke, 5.61 da 5.63. Ƙarin giyar a tsakiya aka cusa ta.

Nan ne duk maganar take. A NV4500 jerin shi ne 5.61, 3.04, 1.67, 1.00, 0.75. Dubi tazarar da ke tsakanin ta uku da ta huɗu. Idan ka kai juyin inji 2,500 a ta uku ka sa ta huɗu, zai faɗo wajen 1,500. Mota ba kaya, ba za ka ji komai ba. Amma da tirela a baya kana hawan tudu, sai ka rasa inda za ka tsaya: ta uku inji na kuka, ta huɗu yana nishi. NV5600 kuwa jerinsa 5.63, 3.38, 2.04, 1.39, 1.00, 0.73. Daga 1.39 zuwa 1.00, juyin da ke 2,500 wajen 1,800 zai sauko, sama da 1,600 inda injinka ke ba da cikakken ƙarfinsa. Wanda ya saba jan kaya a hawa, wannan kaɗai ya ishe shi dalili. Kuma ba shi da matsalar notin nan.

To amma ba a banza ake samun sa ba. Dukansu gangar jikinsu ta baƙin ƙarfe ce, sai dai NV4500 bai wuce kilo 90 ba, NV5600 kuwa wajen kilo 160. Ya kuma fi tsawo, don haka sai an rage farfelar baya, a ƙara ta gaba, a gyara ƙarfen da giyabos ke zaune a kai. Sai kuloci. NV5600 na farko, na 1999 zuwa cikin 2000, shaf ɗin gabansa inci 1.25 ne kamar naka. Wanda aka yi daga baya nasa ya koma inci 1.375, kuma yana tafiya da kuloci mai faɗin inci 13 da fulawil ɗinsa. Idan za a yi, na bayan nan ne ya cancanci wahalar. Abu ɗaya da zai yi maka sauƙi shi ne shaf ɗin bayansu duka haƙora 29 ne a motocin dizal masu ogzileri.

Babban abin da ke sa ni jan ƙafa shi ne kayan gyara. Kamfanin New Venture Gear, wanda GM da Chrysler suka haɗa hannu suka kafa a 1990, shi ya ƙera su duka biyun, kuma yau babu shi. NV4500 an yi shi da yawa, ya shiga motocin Dodge da na GM shekara da shekaru, don haka masu ƙera kayansa ba su daina ba. NV5600 daga 1999 zuwa 2005 kawai ya yi, a Dodge. Wanda za ka samu na hannu ne mai shekara ashirin ko fiye, ba ka san abin da ya sha ba, kuma ranar da wata giya ta karye a ciki, nemanta aiki ne. Shi ma yana da nasa ciwon: mai ba ya isa boris na baya sosai, shi ya sa masu shi ke ƙara masa mai fiye da ma'aunin littafi.

Tunda an zo kan mai, kada a zuba musu man giya na yau da kullum. NV4500 an tsara shi ne da Castrol Syntorq LT 75W-85 ko makamancinsa, saboda irin abin da aka yi zoben daidaita giyarsa da shi. NV5600 kuma mai mara kauri na Synchromesh yake sha. Musanya su kan sa giya ta fara ƙara wajen shiga. Kuma idan ka ga NV4500 na hannu da araha, ƙirga haƙoran bayansa: na motar fetur mai V8 23 ne, ba naka ba ne.

Wani zai kawo maka maganar giyabos G56 na Mercedes-Benz da ya maye gurbin NV5600 a tsakiyar 2005. Giya shida ne shi ma, yana da laushin shiga, amma jikinsa alminiyom ne kuma aikin ɗaura shi a motar 1997 bai fi wancan sauƙi ba. Ni ban sa shi a lissafinka ba.

Da ni ne, Malam, idan injin yana nan yadda ya fito kuma jan tirela mai nauyi ba shi ne aikin motar kullum ba, shaf zan canja in ci gaba da NV4500, in kuma koyi saukowa ta huɗu da zarar allurar juyin inji ta doshi 1,500. Idan kuwa kullum da lodi kake a hanya mai hawa da gangara, nemi NV5600 mai shaf ɗin gaba inci 1.375, kuma kada ka biya kuɗi sai an buɗe murfin gefe ka ga man da ke ciki da idonka. Kafin nan kana iya lallaɓawa da ta huɗu zuwa gareji.