Kafin ka sayi ƙaramar kwamfuta, duba yadda take tashi

Masu haɗa na'urori a nan Maradi, musamman ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, sun fi tambayar girman RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) idan za su aika a sayo musu ƙaramar kwamfuta mai allo ɗaya irin Raspberry Pi ko Orange Pi daga Kano ko Yamai. Ni abin da nake fara dubawa daban ne: a ina manhajar tayar da na'urar take zaune, kuma in ta lalace ta yaya za a ceto ta? Na'urar da za ta lura da famfon ban ruwa a Jiratawa ba mai zama kusa da ita. Wuta za ta ɗauke ta dawo, ga zafin Afrilu, ga ƙura, kuma dole ta tashi da kanta kowane karo.

A Raspberry Pi 3 manhajar tashi galibi tana cikin katin SD. Kati ya mutu, komai ya tsaya. Daga Pi 4, wanda ya fito a 2019, an mayar da ita cikin EEPROM, wani ƙaramin guntun ajiya a jikin allon, kuma kai ne za ka tsara mata inda za ta fara nema da umarnin rpi-eeprom-config. Idan ka rubuta BOOT_ORDER=0xf41, daga dama ake karantawa: 1 kati, 4 USB, f kuma ta sake zagayowa. Wato kana iya barin tsarin aiki a SSD (faifan ajiya da za ka haɗa ta USB), ka raba shi da kati gaba ɗaya. Pi 5 na 2023 ya ƙara da NVMe, wani nau'in SSD mai sauri, sai dai yana son caja mai 5V 5A, abin da mai aiki da sola zai lissafa. In EEPROM ta rikice, Raspberry Pi Imager, manhajar rubuta kati ta kamfanin, yana rubuta katin gyara. Aibin Raspberry Pi shi ne manhajar tashinsa a rufe take, ba ka da ikon sauya cikinta.

Orange Pi mai guntun Allwinner H3 ya fi araha, kuma da manhajar U-Boot yake tashi, wadda kowa zai iya karantawa ya gyara. Ana rubuta ta a kati daga 8 KiB, kafin ɓangaren farko mai ɗauke da fayiloli, don haka ba za ka gan ta cikin fayiloli ba. Guntun yana fara duba kati, sannan eMMC, wato ma'ajiyar da ke manne a jikin allon. In bai sami komai ba ya shiga yanayin FEL, inda za ka tura masa manhaja ta USB. Kashe shi har lahira yana da wuya, kuma wannan ne ya sa nake son sa ga mai koyo. Amma a lura: Orange Pi PC ba shi da eMMC, PC Plus ne yake da 8GB. Ƙara kuɗin ka ɗauki na biyun, ka sa masa tsarin aiki na Armbian.

BeagleBone Black tsoho ne, tun 2013, RAM ɗinsa 512MB kacal, amma yana zuwa da eMMC a jiki, ga ƙafafun haɗa na'urori birjik. Tarkonsa ɗaya: tsohuwar U-Boot da ke eMMC takan riga ta kati tashi. Don ya tashi daga kati, danne maɓallin S2 da ke jikin allon lokacin da kake ba shi wuta.

To wanne? Shago ko aji mai buƙatar allon kallo, Pi 4 da SSD. Aikin gona ko rijiya inda ba kowa, allo mai eMMC. Kuma ko wanne ka zaɓa, haɗa da wayar USB zuwa UART mai 3.3V, wadda ke kawo saƙonnin allon zuwa kwamfutarka, a saye ɗaya, domin ta nan kaɗai za ka ga inda tashin ya maƙale. Yawancin allunan a gudun bit 115200 a daƙiƙa suke magana, amma alluna da yawa masu guntun kamfanin Rockchip 1500000 suke amfani da shi, kuma ba kowace waya ke kaiwa nan ba, sai ka tambayi mai kaya kafin ka biya.